Taici a Tsakar Gidan Kaka: Abin da Bincike Ya Ce da Abin da Bidiyo Ya Ƙara

Kwanakin baya Kawu ya turo wani bidiyo a zauren WhatsApp na danginmu. Tsofaffi ne 'yan ƙasar Sin a wani lambu da sassafe, suna ɗaga hannu a hankali, suna karkata jiki kamar masu tafiya a cikin ruwa. An ɗora murya da Hausa, wai masana a Amurka sun tabbatar cewa wannan motsa jiki da ake kira taici ya fi kowane magani kashe ciwon gwiwa da ciwon baya na tsufa. A ƙasa Kawu ya rubuta: "Ke 'yar boko, duba mana. In gaskiya ne a koya wa Inna."

Innar da yake nufi kakata ce. Tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Gwaram, ta haura saba'in, kuma gwiwoyinta sun kai shekara takwas suna ba ta wahala. Da na je gida na nuna mata bidiyon, sai da ta kalla har ƙarshe, sannan ta miƙo mini wayar ta ce, "Kishiya, wannan rawar za ki sa ni yi a gaban surukaina?"

Na yi dariya, amma na koma na karanta binciken da ake jingina maganar da shi. A taƙaice: bidiyon bai ƙirƙiro ƙarya daga babu ba, gishiri ya zuba wa gaskiya har ta canja ɗanɗano. Kuma tambayar Kaka ta fi kusa da ainihin matsalar fiye da yadda na zata da farko.

Mu fara da dalilin da ya sa ake haɗa tunani da ciwon gwiwa tun asali, don mutane da yawa in sun ji haka sai su ɗauka ana cewa raki ne ko ƙarya mai ciwon yake yi. Ba haka ba ne. A likitance, ciwon da ya wuce wata 3 ana sa shi a wani aji daban, domin dokokinsa sun bambanta da na sabon rauni. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka nuna cewa saƙon zafi ba ya wucewa kai tsaye daga gaɓa zuwa ƙwaƙwalwa kamar wuta a waya. Akwai wata irin ƙofa a laka da ke iya buɗewa ko tsukewa, kuma ƙwaƙwalwa da kanta tana aiko da umarnin a ƙara ko a rage. Tsoro, rashin barci, damuwa da kaɗaici suna cikin abubuwan da ke wangale ƙofar. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan ƙashin bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya samu alamun zaizayewar faifan baya a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 cikin 100 na 'yan shekara 80. Ma'ana, abin da hoto ya nuna da abin da mutum ke ji ba kullum suke tafiya tare ba. To, in tsoho ya ji zafi ya daina motsi don tsoron kada ƙashi ya ƙarasa lalacewa, tsokar cinya sai ta saki, gwiwa ta rasa mai tallafarta, zafin ya ƙaru, tsoron ma ya ƙaru. Taici da yoga da makamantansu, hikimarsu ita ce su shiga wannan zagayen ta ƙofa biyu: a motsa a hankali, a daidaita numfashi, a tattara hankali kan jiki har ya daina ganin motsi a matsayin haɗari.

Tunanin yana da ma'ana. Amma ma'ana daban, hujja daban.

Binciken da aka fi ambata kan gwiwa shi ne na Chenchen Wang da abokan aikinta a asibitin Tufts da ke Boston, wanda ya fito a mujallar Annals of Internal Medicine a 2016. Mutum 204 masu amosanin gwiwa aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka yi taici sau biyu a mako har mako 12, rabi aka kai su wurin likitan fisiyo. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi, kuma sauƙin ya yi kusan daidai. Masu taici sun ɗan fi samun raguwar damuwa. Ku lura da kalmar: daidai. Ba a gwada shi da ƙwaya ba, ba a ce ya fi komai kashe ciwo ba, ba a kuma ce guringuntsin da ya cinye ya dawo ba. Sakamako ne mai kyau, amma tsakanin "ya yi daidai da fisiyo" da "ya fi kowane magani" akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Yoga kuwa labarinta ya fi haka sanyi. A 2022 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta ke nan tace bincike, ta haɗa gwaje-gwaje 21 na mutum 2,223 masu daɗaɗɗen ciwon baya. In aka kwatanta yoga da zaman kawai, akwai sauƙi, amma ƙanƙani ne, wanda su masu nazarin suka ce bai kai mizanin da majiyyaci zai ji bambanci sosai ba. In aka kwatanta ta da sauran motsa jikin baya, bambancin kaɗan ne ko babu. Wasu ma bayan nasu ƙara ciwo ya yi. Yawancin waɗanda aka gwada kuma ba tsofaffi ba ne, mata ne masu matsakaitan shekaru.

Wanda ya taɓa tsofaffi na gaske shi ne na Natalia Morone a Pittsburgh, 2016: mutum 282, kowa ya kai 65 ko fiye, aka koya wa rabinsu tattara hankali na mako 8. A ƙarshen makonnin sun fi iya hidimar yau da kullum, amma bayan wata 6 wannan ribar ta dushe, sai dai raguwar tsananin zafi ta ɗan ɗore. A duk abin da na karanta, hujjar da ta fi ƙarfi ba ma kan ciwo take ba, kan faɗuwa ce. A jihar Oregon, 2018, an gwada wani tsarin taici kan mutum 670 'yan shekara 70 zuwa sama, sau biyu a mako har mako 24. Faɗuwa ta ragu da kashi 58 cikin 100 in aka kwatanta da masu miƙa gaɓoɓi kawai. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa ta zame a banɗaki ta karye a kwankwaso, ya ga yadda kwanciyar ke ƙarewa, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wani rauni da duk waɗannan gwaje-gwaje suka yi tarayya a kai, kuma ba laifin masu binciken ba ne. In ƙwaya ake gwadawa, ana iya ba wa rabi ƙwayar wofi mai kama da ta gaske, ba wanda ya san abin da ya sha. Motsa jiki ba ya ɓoyuwa. Wanda ke yin taici ya san yana yi, ya zo da fata, ya samu malami mai fara'a da ke tambayarsa ya jiki, ya samu abokan hira sau biyu a mako, sannan shi ne kuma zai faɗi ko ya ji sauƙi. Ƙari a kan haka, mutum ya fi shiga bincike a lokacin da ciwo ya matsa masa, alhali irin wannan ciwon dama hawa da sauka yake yi, ko ba a yi komai ba zai ɗan lafa. Saboda haka ni abin da na fahimta shi ne: ba wani sirri a cikin salon hannun 'yan Sin. Abin da ke aiki ya fi kama da motsi daidai ƙarfi, a kai a kai, tare da mai koyarwa, cikin jama'a, da raguwar tsoro. Wannan kuwa labari ne mai daɗi gare mu, don ba sai mun sayo shi daga waje ba.

Yanzu ga inda raina ya fi tsayawa. Su wa aka gwada, kuma da wane ma'auni?

Takardar tambayoyin da aka fi auna ciwon gwiwa da ita, wadda aka yi amfani da ita a Boston, tana tambayar mutum wahalar da yake sha wajen hawa da saukowa daga bene, shiga mota da fita, sa safa, shiga bahon wanka, zuwa kanti sayayya. Na karanta wa Kaka jerin. Bene babu a gidan. Safa sai da hunturu. Abin da ya dame ta guda uku ne: ta yi sujada ta ɗago ba tare da ta dafa bango ba, ta tsuguna a bayan gida, ta tashi daga tabarma ba sai an kira jika ya ja hannunta ba. Rayuwar tsohon Boston a kan kujera take, gwiwarsa ba kasafai take lanƙwasa fiye da zaman kujera ba. Rayuwar tsohuwar Gwaram a ƙasa take, gwiwarta na naɗewa har ƙarshe sau da yawa kowace rana. Taici a tsaye ake yinsa, gwiwa a ɗan sassauce. Zai iya ƙarfafa cinya, zai iya gyara tsayuwa, amma daga sakamakon Boston ba za ka iya yi wa Kaka alkawarin sujada ba, domin ba ita aka auna ba.

Sai kuma abin da ba a rubutawa a sakamako: wanda ya halarci aji sau biyu a mako har wata 3 yana da abin hawa, yana da lokaci, ba ya jin kunyar ɗaga hannu a gaban baƙi maza da mata. A Kila ko Basirka, in damina ta faɗi, wa ke da wannan lokacin? Dattijon da ko tafiyar sauri ba ya yi a gaban yara don kada girma ya zube, shi za a tsayar a fili yana lilo da hannu? Yoga kuma tana da nata nauyin, tunda tushenta na da alaƙa da addinin Hindu. A Malesiya har majalisar fatawa ta ƙasa ta hana Musulmi yin ta a 2008. Ko mutum ya yarda da wannan fatawa ko bai yarda ba, wanda zai kawo shiri da wannan sunan ƙauyukanmu ya san da tambayar da zai fara amsawa.

Sai dai fa mu ma a namu ɓangaren muna da amsoshi biyu na lalaci, kuma duka biyun na ji su a zauren nan namu kafin dare ya yi.

Ta farko: "Ai tsofaffinmu ba sa buƙatar motsa jiki, noma ya ishe su." Wanda ya faɗi haka bai taɓa yin wuni a duƙe da fartanya ba. Noma da daka da jan guga aiki ne mai maimaita motsi ɗaya, a yanayi ɗaya, na sa'o'i, ba hutu sai aiki ya ƙare, kuma ba jiki ke yanke yawansa ba, gona ce ke yankewa. Motsa jiki na magani akasin haka ne: a fara da kaɗan, a ƙara sannu a hankali, a huta, a taɓa tsokar da aiki ya manta da ita. Kuma shekarar manomi ba ɗaya ba ce. Daga shuka zuwa girbi jiki na shan fiye da ƙarfinsa, da rani kuma tsohon da ba ya noman fadama sai zaman dakali. Tsohuwar da aka ce ta huta, surukai sun karɓi turmi, daga ɗaki sai inuwar tsakar gida. Kaka ta fi shekara biyar a haka, don ƙauna aka yi mata, amma cinyoyinta sun tsotse.

Ta biyu: "Sallah ai ita ce yogarmu." Na san da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma maganar ba ta yi wa kowane ɓangare adalci ba. Sallah ibada ce, ba don gwiwa aka shar'anta ta ba, kuma malamai sun yi bayanin rangwamen yin ta a zaune ga wanda ya gaza. Ta fuskar jiki kuwa, ruku'u da sujada suna riƙe sassaucin gaɓoɓi, amma ba sa ƙaruwa da nauyi daga mako zuwa mako yadda gina tsoka ke buƙata. Hujja mafi sauƙi ma ita ce: Kaka ta fi shekara sittin tana sallah, ga gwiwar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce wanda ya kai 65 ya riƙa yin motsin ƙarfafa jiki da daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako, ban da zirga-zirgar yau da kullum.

Abin da bidiyon Kawu bai sani ba, kuma gaskiya ni ma ban sani ba sai da na tona, shi ne an yi irin wannan gwajin a kusa da mu, da Hausa. Aminu Alhassan Ibrahim da abokan aikinsa daga Jami'ar Bayero sun yi shi a asibitin matakin farko na Tsakuwa, ƙaramar hukumar Dawakin Kudu a jihar Kano, aka buga a mujallar BMC Musculoskeletal Disorders a 2023. Mutanen karkara 120 masu daɗaɗɗen ciwon baya aka raba gida uku, 40-40. Wasu aka yi musu bayani kan ciwon, wasu aka koya musu motsin sarrafa tsokokin ciki da baya, wasu aka haɗa musu duka biyun, na tsawon mako 8, aka sake auna su a mako na 20. Waɗanda aka haɗa wa biyun sun fi samun sauƙi: zafinsu ya fi na masu bayani kaɗai raguwa, kuma sun fi su iya komawa hidima. Ba a kira shi taici ba, amma ai jiki da tunani ke nan a haɗe. Kafin nan ma sai da ayarin ya fassara takardun auna ciwon baya da na auna tsoron motsi zuwa Hausa ya gwada ingancinsu, aikin da ba ya jawo tafi amma ba a iya komai sai da shi.

Na yaba wa aikin, don haka zan yi masa irin tankaɗen da na yi wa na Boston. Matsakaicin shekarun mahalarta 46 ne, wato yawancinsu 'ya'yan Kaka ne, ba sa'anninta ba. Baya aka duba, ba gwiwa ba. Duka rukunan uku an ba su miƙa gaɓoɓi da motsin bugun zuciya, babu rukunin da aka bari haka nan, saboda haka ba za a iya cire rabon lokaci da kulawa daga sauƙin da kowa ya samu ba. Ratar zafi tsakanin rukunan ta ɗan haura maki 1 ne a ma'auni mai zuwa 10. Ana ji, amma ba mu'ujiza ba ce. Mako 20 kuma bai kai shekarar noma guda ba. Tambayar da ta fi damuna ita ce ta hannu: ƙwararru ne suka koyar. Mu a nan in ana neman likitan fisiyo, sai a nufi babban asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Tsohuwar da ke ƙauyen Gwaram ba za ta hau babur sau biyu a mako da wannan gwiwar ba. Gwajin da nake fatan gani shi ne wanda ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye za ta koyar, a makarantar Islamiyyar matan aure ko a zauren mai unguwa bayan la'asar, mata daban maza daban, a kan 'yan sama da 65, a auna tashi daga tabarma, a bi su har damina ta zo ta wuce. (Ko sunan da muke kiran fisiyo da shi, "gashin ƙashi", yana cikin matsalar. Mutum ya zo yana jiran a kunna masa fitila mai zafi, in aka ce ya tashi ya zauna sau goma sai ya ga an raina masa hankali.)

Me ya sa na damu da wannan har na cika ku da lissafi? Saboda abokin karawar motsa jiki a ƙauyenmu ba fisiyo ba ne, kemis ne. A ƙarƙashin filon Kaka na samu ƙullin leda na ƙwayoyin da ake kira haɗi, kala-kala, ba kwali ba suna. Na gane daiklofenak da wata mai kama da deksa. Irin su daiklofenak da ibufurofen, in tsoho ya ɗore da sha, suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini. Deksa na sa mutum ya ji garau har kumatu su ciko a ce ya murmure, alhali tana rage ƙarfin ƙashi tana tayar da sukari. Tiramol kuma na kawo jiri, jiri ga tsoho faɗuwa ne. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta goyi bayan ilimantarwa da tsararren motsa jiki, ta kuma ja kunne kan magungunan dangin tiramol. In ka ɗora sauƙi ƙanƙani marar illa a ma'auni ɗaya da wannan ledar, ƙanƙanin ya yi nauyi. Shi ya sa zuzutawar bidiyon ke ba ni haushi: in ka yi wa tsohuwa alkawarin warkewa ta yi mako biyu ba ta warke ba, ledar za ta koma, kuma ba za ta sake sauraronka ba.

Gargaɗi ɗaya, kuma kada a tsallake shi. Ba kowane ciwon baya ne na motsa jiki ba. In akwai zazzaɓi, rama ba dalili, zafin da ke tayar da mutum cikin dare, mutuwar ƙafa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ko gwiwa ta kumbura ta yi zafi rau, asibiti za a nufa. Tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma muna da shi a ƙasar nan.

Kaka dai an kai ta an duba ta, amosani ne na tsufa. Ban koya mata taici ba, don ni ma ban iya ba. Abin da likitan fisiyo ya nuna mana muke yi: benci a jingine da bango cikin ɗakinta, labule a sake, ta zauna ta tashi a hankali tana fitar da numfashi, sau biyar da safe sau biyar da yamma, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya tana dafe da ƙyauren ƙofa. An ce mata ɗan zafin da ya lafa kafin washegari ba ɓarna ba ne. Wannan jumlar ce ta fi wahalar shiga, ta fi motsin kansa. Yanzu tana kai takwas. Mutum ɗaya ba bincike ba ne, kuma lokacin zafi ne, da ma ta ce sanyi ne ke tayar mata da shi, don haka ban rubuta komai a littafina ba tukuna.

Da na kira ranar Juma'a, ƙanwata ce ta ɗauka. Ta ce maƙwabciyar Kaka ta fara shigowa da hantsi, su biyu suke yi a kan bencin, suna gardamar wa ta fi. Na ji muryar Kaka daga nesa tana cewa, "Ki gaya wa kishiyar nan har yanzu a zaune nake sallah, kada ta je ta rubuta ƙarya."